Kuɗin Cizo a Gidan Mutunci

Gabatarwa

Cikin dukkan ƙwarin da ke zaune tare da Bahaushe a gidansa, babu wanda ake jin nauyin ambaton sunansa kamar kuɗin cizo. Mutum yakan tsaya a bakin kasuwa ya yi ƙarar sauro da babbar murya, ya ce jiya bai runtsa ba, jama'a su taya shi jaje. Yakan ce gara ta cinye masa azara, ko ɓera ya huda masa buhu, ba mai dubansa da wani ido. Amma da wuya a ji magidanci ya buɗi baki cikin mutane ya ce akwai kuɗin cizo a gidansa, domin tun da daɗewa an liƙa wa wannan ƙwaro sunan ƙazanta, sa'an nan aka ɗora alhakin ƙazantar ɗaki a kan matar ɗakin. Saboda haka shigarsa gida takan zama ciwo biyu, watau cizon da yake yi wa jiki da dare, da zargin da yake haddasawa da rana.

Abin da za a bayyana a nan ya auku ne tsakanin Ƙaraye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu maƙwabtan juna a yammacin Jihar Kano. A ƙasar Ƙaraye ne madatsar ruwa ta Calawa take, wadda aka kammala a 1992, ita kuwa Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Dokar masarautu ta watan Yulin 2024 ta haɗa su biyun ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye, amma tun kafin wannan doka noma da cin kasuwa da auratayya sun riga sun haɗa su. An sakaya sunan gidan da na mutanensa, tun da yake darasin ake bukata.

Halin ƙwaron

Kuɗin cizo, wanda a wasu wurare ake kira gazunzumi, ƙwaro ne shafaffe mai launin ƙasa-ƙasa da ratsin ja, tsawon babbansa bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba. Ba ya tashi kamar sauro, ba ya tsalle kamar ƙuma, rarrafe kawai yake yi. Iri biyu ne suka fi damun ɗan Adam, masana suka laƙaba musu sunayen Latin, watau Cimex lectularius da Cimex hemipterus, na biyun shi ya fi yawa a ƙasashe masu zafi irin Nijeriya. Ba shi da abinci sai jini. Da rana yakan maƙale a ɗinkin katifa, da mahaɗar katakon gado, da saƙar tabarma, da tsaguwar bango. In dare ya raba, ɗumin jikin mai barci da iskar da yake fitarwa wajen numfashi su ke kiransa, ya fito ya sha cikin 'yan mintoci, ya koma maɓoyarsa.

Macen takan saka ƙwai kaɗan-kaɗan kullum, har ta tara ɗaruruwa a rayuwarta. Ƙwan fari ne, bai fi milimita 1 ba, manne yake a inda aka saka shi, yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Ɗan kuwa sai ya yi saɓa sau biyar kafin ya girma, kowace saɓa sai ya sha jini tukuna. Zafi yana gaggauta wannan girma, shi ya sa bazara take zama kakarsa. Daɗin daɗawa yana iya yin watanni bai ci kome ba, don haka kulle ɗaki a ƙaura masa ba ya kashe shi.

Har yanzu ba a tabbatar yana yaɗa wata cuta tsakanin mutane ba, yadda sauro ke yaɗa zazzaɓi. Illarsa ita ce ƙaiƙayi, da susar da kan zama gyambo, da rashin barci, in kuwa ya yi yawa ƙwarai yakan jawo ƙarancin jini ga yara da tsofaffi. Akwai wani abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a kansa labarin ya rataya. Fatar mutane ta bambanta: wani in an cije shi sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, wani kuwa ya kwana ana shan jininsa, gari ya waye ba ko tabo.

Shigarsa gidan

Maigidan mutum ne mai rufin asiri, manomi, yana kuma sayen hatsi da kaka ya ajiye, ya fitar da bazara. Gidan na da zaure, da shagon samari, da turaka, da ɗakin mahaifiyarsa wadda kowa ke kira Inna, da ɗakin uwargida, da na amarya. Ita amaryar an kawo ta ne daga wani ƙauye na ƙasar Rogo bayan an gama kakar 2023, iyayenta sun yi mata kayan ɗaki daidai ƙarfinsu, gadon katako da katifar soso da sif da kujeru, duka sababbi.

Azumin 2024 ya faɗo cikin watan Maris da farkon Afrilu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa. Cikin goman farko amarya ta fara ganin ƙuraje a damtsenta da wuyanta, jere bi da bi kamar an ɗiga su da tsinke. Ta ɗauka na zafi ne, ta shafa hoda. Da abin ya ci gaba ta zargi sauro, ta gyara gidan sauronta ta cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, duk da haka ba ta tsira ba. Wata rana da ta tashi ɗora sahur ta haska tocila a kan matashinta, sai ga su uku suna gudu, ta murtsuke ɗaya, jini ya ɓata mata yatsa, wani wari mai hawa kai ya tashi. Nan take ta gane ko mene ne, gabanta ya faɗi.

Da a ce sauro ne, da gari na wayewa ta faɗa. Amma yarinya ce da ba ta cika wata huɗu a gidan miji ba, ta kuma san abin da za a ce. Sai ta yi shiru, ta aiki yaro a ɓoye ya sayo mata fiya-fiya, ta riƙa yayyafawa in ba kowa, ta rufe ƙofa. Waɗanda ruwan maganin ya taɓa suka mutu, ƙwai kuwa da waɗanda ke can cikin mahaɗar katako ba abin da ya same su, wasu ma suka watsu suka shige bayan sif. Ita dai abin da ta samu shi ne ciwon kai da tashin zuciya, ga ƙishirwar azumi. Haka ta yi mako uku tana fama ita kaɗai.

Zargi

Asiri ya tonu ne ana jajibirin Salla, sa'ad da aka fito da shimfiɗu don wanki. Wata ƙanwar maigidan da ta zo taya aiki ta ɗaga katifar amarya, ta ga ɗigon baƙi-baƙi ya bi ɗinkin kamar an zubar da tawada, ta ƙwala kiran Inna. Kafin la'asar magana ta gama gida, kafin a sauko daga Idi ta gama unguwa.

Uwargida ba ta yi zagi ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Abin da ta ce kawai shi ne shekararta goma sha tara a gidan nan ba ta taɓa ganin irin wannan ba, ta miƙa hannuwanta aka ga fata sumul. Ta hana 'ya'yanta shiga ɗakin amarya, ta ware tabarmar da amarya kan zauna a tsakar gida. Matan da suka zo barka da Salla suka riƙa tsayawa daga bakin ƙofa suna gaisawa, ba mai yarda ta zauna. Maganar da ta fi ƙona ran amarya ita ce wadda aka ce wata maƙwabciya ta yi, wai kayan ɗakin na hannu ne aka shafa musu fenti aka ce sababbi ne. Wannan magana ta wuce kanta, ta taɓa iyayenta da suka sayar da amfanin gona suka yi mata kayan.

Ba a yi kwana uku ba labari ya isa Rogo. Gwaggonta ta hau mota ta zo, ta zauna gaban Inna ta ce, “Yaya, mun ba ku yarinya da mutuncinta, da kayanta sababbi, kafintan da ya yi su yana nan da ransa. In ƙazama ce, ku ba mu abarmu mu koma mu sake koya mata shara.” Inna ta ba da haƙuri iyakar iyawarta, amma zuciya ta riga ta ɓaci. Washegari da sassafe amarya ta ɗauki mayafinta ta bi gwaggonta, ta yi yaji.

Ƙwayar rumbu

Maigidan ya rasa inda zai sa kansa, ga kunyar surukai, ga surutun gari. Sai ya ƙudura zai gama da ƙwarin a dare ɗaya. A ɗakin ajiyarsa akwai ƙwayar nan da ake jefawa cikin hatsi don kashe ƙwari, wadda wasu manoma ke kira bom. Ya ce tun da ɗakin ba kowa, zai zuba ta ƙarƙashin gado, ya toshe taga da tsumma, ya kulle. Ɗakin kuwa bango ɗaya ya raba shi da inda yaran uwargida ke kwana, rufinsu ɗaya, silin ɗinsu ɗaya.

Allah ya sa bayan sallar magariba ya faɗa wa wani dattijo da suke sahu ɗaya a masallaci, tsohon ma'aikacin duba-gari wanda ya yi ritaya. Dattijon ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ya ce, “Alhaji, kada garin neman gira a rasa ido. Wannan ƙwaya da ta ji danshi sai ta saki iska mai guba, iskar kuwa ba ta san bango ba, ta silin za ta bi ta sauka kan 'ya'yanka. In ta shiga jiki, ba wani makari da likita zai ba su.”

Gaskiya dattijon ya faɗa. Sinadarin ƙwayar shi ne aluminiyam fosfaid, iskar da yake saki kuwa ita ce fosfin, an yi shi ne don rumbu da sito inda ba mai kwana. A watan Disamban 2021, a gabashin birnin Landan na Ingila, wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu saboda maƙwabciyarsu ta zuba irin wannan ƙwaya a gidanta don kashe kuɗin cizo, iskar ta bi gini ta kai gare ta. Ita ma fiya-fiya ba abar wasa ba ce, domin yawanci sinadarin daikulobos ne na feshin gona ake sirkawa a ɗura a kwalabe marasa rubutu. A 2019 hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana sayar da irin wannan maganin gona a kasuwanni da manyan kantuna, saboda yawan rayukan da yake ci.

Bincike

Dattijon ya ce ba zai ba da shawara ba sai ya ga gidan ɗaki-ɗaki. Da hantsi aka yi masa iso, ya shigo da tocila da tsohuwar wuƙar tebur. Ya fara da zaure, ya zura wuƙar a tsaguwar bencin da baƙi ke zama da dakalin da almajirai ke kwana, sai ga ɓawon saɓa na zubowa kamar dusa. Ya shiga shago, ya juya akwatin katakon babban ɗan gidan, wanda ke makarantar kwana yana zuwa hutu, ya tarar ƙasansa ya yi baƙi. Ɗakin Inna akwai kaɗan a bakin buzun sallarta.

Da aka zo ɗakin uwargida sai ta tsaya a ƙofa ta ce, “Baba, nan kam ba sai an wahalar da kai ba.” Ya ce, “'Yata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.” Aka janye gadonta mai rumfa, wanda ya yi shekaru ba a motsa shi ba, aka ɗage ledar ƙasa. Abin da aka gani a nan ya ninka na ɗakin amarya, tabon kuwa tsoho ne, wani kan wani. Uwargida ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi. Ba ƙarya ta yi ba da ta nuna hannuwanta, ita dai tana cikin waɗanda fatarsu ba ta nuna cizo, yaran kuwa an daɗe ana ɗora susarsu a kan sauro.

Maigidan ya tambaya, to wa ya kawo shi? Dattijon ya ce wannan tambaya ba ta da amfani, kuma ba mai iya amsa ta da gaskiya. Yana iya zuwa cikin akwatin ɗan makaranta, ko buhun baƙo, ko gwanjon da aka sayo, ko kujerar motar haya, ko ya biyo tsaguwar katangar maƙwabta. Abin da ya tabbata shi ne ya riga amarya zuwa gidan, sabon katako ya samu ya tare. Ya ƙara da cewa ƙwaron ba datti yake ci ba, jini yake sha, jinin mai tsabta da na ƙazami kuwa duk ɗaya ne a wurinsa. Tarkace maɓoya kawai yake ba shi.

Aikin gayya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattijon ya ce in za a yi, a yi gidan gaba ɗaya rana ɗaya, a kuma sanar da maƙwabtan da ake haɗa katanga da su, ko da za a ji kunya. Sharaɗinsa na farko shi ne kada a ɗauki kome daga wani ɗaki a kai wani.

Makamin da aka fi dogara da shi shi ne zafi, domin ƙwaron da ƙwansa ba sa jure zafin da ya kai digiri 50 a ma'aunin santigiret. Aka ɗora manyan tukwanen biki, aka kwance gadaje aka fito da su tsakar gida, aka bi kowace mahaɗa da tafasasshen ruwa, haka benci da tabarmi da akwatin ɗan makaranta. Tufafi da zannuwan gado da labule aka jiƙa su a ruwan zafi, da suka bushe aka bi ɗinkinsu da dutsen guga. Ƙananan kayan da ba sa son ruwa aka ƙulle su cikin baƙar leda aka baza a rana tun hantsi har la'asar. Katifa mai kauri kuwa rana ba ta ratsa cikinta, ƙwarin sukan koma gefen inuwa ne kawai, don haka aka bi ta soso da guga da buroshi, tsohuwar katifar auduga ta shago kuwa aka ƙone ta. Uwargida ta so a haɗa da gidajen sauro, dattijon ya hana, ya ce damina na tafe, zazzaɓi kuwa yana kisa. Aka bi ɗinkinsu da hannu, aka wanke su da ruwan sanyi, aka shanya a inuwa.

Bayan haka magini ya liƙe tsagogin bango da na daɓe, aka shafa farar ƙasa. Aka mai da gadaje nesa da bango kaɗan, aka sa ƙafafunsu cikin gwangwanaye masu ruwan sabulu. Sai a ƙarshe aka kira mai feshi wanda ya koyi aikin, ya yi da maganin da aka amince a yi amfani da shi a ɗaki, mutane na waje. Bayan kwana goma aka maimaita aikin, bayan wasu goman aka sake, saboda ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe.

Dalilin da ya sa feshi kaɗai ba ya isa yana da tarihi. A 1939 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano ƙarfin DDT wajen kashe ƙwari, har aka ba shi kyautar Nobel a 1948. Maganin ya kusa share kuɗin cizo daga ƙasashen Turai da Amurka, amma ba a jima ba aka fara samun waɗanda ba ya kashewa, su kuwa suka hayayyafa. Daga wajen ƙarshen shekarun 1990 ƙwaron ya dawo da ƙarfinsa a manyan biranen duniya, yana jure yawancin magungunan feshin gida.

Biko

Saura aiki mafi wuya. Inna da kanta ta shirya zuwa Rogo, da goro da turmin atamfa, abin mamaki sai uwargida ta ce da ita za a je. A gaban gwaggo da mahaifiyar amarya ta faɗi abin da aka tarar a bayan gadonta, ba ta rage kome ba. Gwaggo ta yi shiru, can ta ce, “Wanda ya faɗi wannan a kan kansa ya gama biko.” Amarya ta dawo bayan kwana biyu, ta durƙusa ta gai da Inna, ta ce wa uwargida, “Yaya, na same ku lafiya?” Zaman nasu bai koma daidai rana ɗaya ba, domin magana zarar bunu ce. Maƙwabciyar da ta yi zancen fenti ba ta zo ba da haƙuri ba, amma ta aiko a tambayar mata yadda ake yin aikin ruwan zafin.

Kammalawa

A ƙarshen 2023 birnin Faris na Faransa ya ruɗe da maganar kuɗin cizo, ana ta yaɗa hotunan da aka ce an ɗauka a jiragen ƙasa da gidajen silima. A shekarar ce hukumar ANSES ta ƙasar ta ba da rahoton cewa fiye da gida ɗaya cikin goma ya yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022, ta kuma nuna abin bai danganci rashin tsabta ba. Wannan ya isa hujja ga mai ganin ƙwaron na ƙauye ne ko na matalauta.

Akwai kuma abin da ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Gargaɗin da ke jikin gwangwanin ƙwayar rumbu da kwalbar maganin gona galibi da Turanci yake, wanda aka ɗura a kwalbar da ba rubutu kuwa ba shi da gargaɗi sam, sai abin da mai talla ya faɗa. Fassara irin wannan gargaɗi zuwa Hausar da manomin Ƙaraye da matar aure a Rogo za su gane, da boko da ajami, da kai shi gidajen rediyo da makarantun Islamiyya na matan aure, aiki ne da ɗaliban wannan sashe za su iya ɗauka. Haka nan sauya yadda ake ambaton ƙwaron, har a kai ga mace ta iya cewa ta ga kuɗin cizo a ɗakinta tun ranar da ta gan shi, kamar yadda za ta ce ta ga kunama, a taso a taya ta.